Wane abin gashi ya dace da gidan haya, wanda zai yi banda kuma? (Kumasi)

Uwar Biyu, Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gashi. Ina so in mallaki abin gasa nama na gida wanda zan ajiye a waje, amma kaina ya ɗaure sbd kowa da abin da yake gaya min. Gidan haya muke irin namu na Aboabo, tsakar gida ɗaya da maƙwabta, igiyar shanya ta kowa a wuri guda take. Yanzu abin da nake da shi kurfoti ne da wata 'yar raga, kifi biyu sun cika ta, in zan gasa wa mutan gida duka to na farko ya huce tun kafin na ƙarshe ya hau wuta, yara suna ta jira da banku a gabansu.

Abin da zan dinga yi da shi, karfasa da kaza ko zabo a ƙarshen sati. Sai kuma surukata da ke Yeji takan aiko mana da ɗanyen tarwaɗa cikin ƙanƙara, da yawa wlh, kuma kun san firiza ba abin dogaro ba ce in aka ɗauke wuta, ina so in iya yin banda da kaina ya daɗe. Sai naman layya, duk shekara sai an soye shi kaf a mai alhali likita ya ce wa maigida ya rage maiƙo.

Na leƙa shaguna a Adum na ga wani mai zagaye da murfi da ƙafa uku, yana da kyau amma ƙarfensa ba kauri. Na ga na gas mai tayoyi, kuɗinsa ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba sai dai na hannu. Ƙanina kuma ya ce in bar duk wannan in kai duro wajen mai walda ya tsaga min biyu. Kuɗin da na tara bai wuce sidi 2,000 ba. Shin akwai guda ɗaya da zai yi gashi ya yi banda, kuma hayaƙinsa ba zai haɗa ni faɗa da maƙwabta ba? Allah ya saka da alheri.

Mai Walda, Suame Magazin:

Wa alaikumus salam Hajiya. Toh wannan aikinmu ne, bari in faɗa miki abin da na sani tsakani da Allah. Ƙaninki ya yi gaskiya amma rabin magana ya faɗa miki. Duro yana yi, sai dai wane duro? Irin na lita 200 ɗin nan da yawansu man mota ne ko fenti ko maganin feshin gona suka taɓa zama a ciki, kuma ƙarfe yana riƙe abin da ya sha. Ki nemi wanda aka zubo man girki ko kayan abinci a ciki, ki tambayi mai sayarwa ki kuma shinshina da kanki. In ba a san me ya zauna a ciki ba a bar shi kawai, mu kanmu ba ma sa injin yanka a jikin irin wannan sbd tururin da ya rage a ciki yana iya fashewa da mutum. Haka tsohuwar silindar gas, na san wasu na yin abin gashi da ita don tana da kauri, ni dai ba na taɓawa.

Na biyu, jikin duro kaurinsa wajen milimita 1 ne kawai. In kika zuba garwashi kai tsaye a cikinsa, ga zafi ga toka ga ruwan Kumasi da yake sauka damina biyu a shekara, ba zai daɗe ba gindin ya huje. Toka in ta jiƙe ita ke cin ƙarfe fiye da wutar ma. Dan haka ki ce a yi miki tire na daban na zuba gawayi, da falankin ƙarfe mai kauri milimita 2 ko 3, mai huji huji a ƙasa, a ɗaga shi kaɗan daga gindin duro yadda iska za ta shiga ta ƙarƙashi toka ta zube. In tiren ya ƙone sai a canza shi kaɗai, duron yana nan.

Abin da na fi so ki kula da shi sosai shi ne ragar da nama zai hau. Kar ki yarda a sa miki wayar keji ko ragar katanga ko duk wani ƙarfe mai farin shafe irin na kwanon rufi, wannan shafen zinki ne, in ya sha wuta yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, mu masu walda mun san shi sarai. Haka ragar tsohon firiji da wasu ke ɗorawa a kan kurfoti, tana da shafe a jikinta, ba don wuta aka yi ta ba. Ko dai a jera miki rodi siriri na milimita 6 ko 8 a haɗa da walda, ko a sa sitenles, ƙarfen nan mara tsatsa, in kuɗin ya kai. Rodi yana tsatsa in an bar shi a jiƙe amma in kina gogewa kina shafa mai bayan kin gama zai yi baƙi ya yi santsi, kifi ma ya daina mannewa.

Sannan kar a jefar da ɗaya rabin duron, a sa masa hinjis ya zama murfi. A buɗe ƙofar iska a ƙasa mai ɗan marfi da ake turawa, a sa ɗan bututu a sama ta ɗaya gefen. Wuta da iska take rayuwa, in kin rage ƙofar ƙasa zafi ya sauka, in kin buɗe ya tashi. A yi wa ragar mataki biyu ko uku, na kusa da wuta dan tsire da kifi, na nesa dan kaza da zabo. Ƙafafu da angil ayon, wato ƙarfe mai kusurwa, tsayin ya kai ƙugunki kar ki dinga sunkuyo, mariƙin murfi na katako. Fenti a waje kaɗai, kuma mai jure zafi, ciki ba a fenti. In an gama a cika shi da itace a kunna babbar wuta a fili ya ƙone tas, a wanke a shafe da mai kafin abinci ya hau.

Na Adum ɗin da kika gani mai zagaye, tsarinsa mai kyau ne gsky, amma akwai na asali akwai kwaikwayo. Ki danna murfin da yatsa, in ya lotsa ki bar shi. Kuɗin da kika ambata a ganina ya isa a yi miki na duro mai kyau har ki biya aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya kai miki Aboabo.

Hajiya Mai Kifi, Asawase:

'Yata sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa yaran albarka. Ɗana mai walda ya gama magana a kan ƙarfe, ni ba zan ƙara komai a nan ba. Amma maganar banda ki saurare ni da kyau domin a cikinta na girma.

Gashi daban banda daban. Gashi wuta ce kusa da nama, cikin ɗan lokaci ya nuna a ci yau. Banda kuwa ruwan jikin kifin ake so ya fita a hankali, wuta nesa, hayaƙi yana ratsa shi, ana juyawa ana canza masa wuri. Tarwaɗa kifi ne mai mai da tsoka, in kika ɗora shi a rabin duro inda wuta take tazarar tafin hannu daga raga, bayan zai yi baƙi ki ɗauka ya yi alhali cikin da ruwa, bayan kwana kaɗan ki fasa ki ga tsutsa ko funfuna. Wanda za a ci cikin kwana biyu uku, awa biyu zuwa uku ya ishe shi. Wanda kike so ya yi watanni kuwa sai ya wuni ya kwana a kan wuta mai sanyi har ya bushe ƙamas ki ƙwanƙwasa ki ji yana ƙara, kuma ko bayan nan a dinga maida shi yana shan ɗumi lokaci lokaci, musamman da damina.

Mu abin da muke aiki da shi murhun Chorkor ne, wanda aka fito da shi a 1969, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya FAO da cibiyar binciken abinci ta Ghana suka yi shi tare da matan Chorkor masu kifi a Accra. Gini ne na laka ko bulo mai kusurwa huɗu da ƙofar wuta a ƙasa, a sama a jera tire tire na katako da raga, ɗaya kan ɗaya har goma ko fiye, a rufe na sama. Tiren su ne suke riƙe zafi da hayaƙi shi ya sa ba ya cin itace kaman tsohon murhu mai zagaye. Daga baya a 2016 aka fito da wanda ake kira Ahotor, shi an sa masa abin tare mai dan kar man kifi ya ɗiga a wuta, domin wannan baƙin hayaƙin da ke tashi in mai ya faɗa wuta shi ne mai illa ga lafiya, ga ido ga ƙirji ga kifin kansa. Ke ba za ki yi gini a gidan haya ba, maigidan ba zai yarda ba, amma ki ɗauki darasin. Wuta ta yi nisa, mai kar ya ɗiga a kanta.

Shawarata in za ki kai duro wajen walda, kar a tsaga shi a kwance, a bar shi a tsaye. Ƙofar wuta a ƙasa, faranti mai huji a tsakiya ya tare mai, raga biyu ko uku a sama, murfi. A tsaye ma ba ya cin wuri a tsakar gida.

Itace kuma ki zaɓa. Busasshen marke ko mangwaro ko gwaiba ko lemo suna da kyau. Ɓawon kwakwa da tukar rake su muke sawa a ƙarshe kifi ya yi ja mai kyau da ƙamshi, kuma masu sayar da kwakwa a bakin titi neman mai kwashe ɓawon suke. Amma katakon da aka yi wa fenti ko magani, da filawud, da garin katakon da ake kwasowa a kasuwar katako ta Sokoban wanda ba ki san me ya gauraya a ciki ba, kar su kusanci abincinki. Leda da roba kuwa ko dan kunna wuta kar ki sa.

Ki wanke tarwaɗa da gishiri da lemon tsami ko ruwan ɗumi yauƙin ya fita, ki cire ciki, ki lanƙwasa ki soke, ki bar shi ya tsane a inuwa kafin ya hau. Kifi jiƙaƙƙe ba ya karɓar hayaƙi da kyau.

Maganar maƙwabta kuma gaskiya ɗaya ce, banda ba ta yiwuwa ba hayaƙi. Ki faɗa musu tun jiya, ki zaɓi ranar da ba a yi wanki ba, in kin sauke ki aika wa kowane ɗaki nasa.

Abu Nima:

Anti ni daga Accra nake amma bari in sa baki kaɗan a kan na gas tunda ina da shi. Daɗinsa ɗaya, ki murɗa ya kama, ba toka ba fifita, kuma hayaƙinsa kaɗan ne dan haka a gidan haya ba mai yi miki magana. Amma na hannun da ake shigowa da su daga Amurka kan tiyonsu bai dace da silindarmu ta kilo 14.5 ba sai an canza regileta, kuma bonar ciki in ta ruɓe samun irinta aiki ne. Mu nan ga iskar teku tana cin ƙarfe, ku Kumasi kun huta da wannan. In kin ce sai shi, ki sa a kunna a gabanki ki ga wutar shuɗiya ce a ko'ina, ki shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗa, in ya yi kumfa yana yoyo. Banda kuwa ki manta, ba zai miki ba, gas ɗin zai ƙare kifin bai bushe ba. Da buƙatun da kika lissafa ni ban ga dalilin sayensa ba.

Mai zagayen nan asalinsa na kamfanin Weber ne a Amurka tun 1952, in an samu na gaske yana shekaru, kuma dabararsa ita ce a tara garwashi gefe ɗaya a sa kaza ɗaya gefen a rufe, zafi ya zagaya. Wannan dabarar za ki iya yinta a duron da aka kwatanta miki. Abin da zan roƙe ki ki saya shi ne ɗan ma'aunin zafi mai tsinke na abinci, ba tsada. Kaza da zabo sai cikin cinya ya kai digiri 74 sannan ya nuna, launin fata ba ya nuna komai. Kuma dan Allah in ruwa ya tsuge kar a ja abin cikin ɗaki ko kicin a rufe ƙofa, garwashi yana fitar da iskar guba mara wari mara launi, tana kashe mutum yana barci.

Ɗan Sarkin Fawa, Alabar:

Hajiya barka. Na karanta duka, kowa ya faɗi alheri. Ni tsire da balangu nake yi, kuma a wajena ƙarfe ba shi ne gashi ba, wuta ce. Ki ba wanda bai iya wuta ba abin gashi mafi tsada a Adum zai ƙona miki nama.

Ki fara da gawayi. Mai kyau yana da nauyi, in kin buga biyu suna ƙara kaman ƙarfe, in kin karya cikin yana sheƙi. Mara nauyi mai tartsatsi yana cinyewa nan da nan ya bar ki da toka. Yawancin wanda muke samu a nan daga wajen Kintampo da Atebubu yake zuwa, ki sayi buhu kafin damina ta kankama ki ɗora a kan katako kar ya sha sanyin ƙasa, kuma ki sa a zazzage miki ki gani dan wani buhun sama manya ƙasa gari. Akwai na ƙoƙon kwakwa da ake matsawa yanzu, yana daɗewa kuma hayaƙinsa kaɗan, ya dace da gidan haya sai dai yana da wuyar kamawa. Kananzir ko fetur kar ki zuba, warin yana shiga nama. 'Yan ƙirare da takarda da mafici sun isa.

Kar nama ya hau sai harshen wuta ya mutu garwashi ya yi ja da farar toka a kai. A nan ne hayaƙin da kike tsoro yake raguwa ma, domin gawayin da ya kama sosai kusan ba ya hayaƙi, abin da ke tada hayaƙi mai ne da ke ɗiga. Ki rage kitse, kar ki malala mai, ki shafa kaɗan kaɗan. Yaji mai ƙuli-ƙuli yana ƙonewa da wuri ya yi ɗaci, a sa kaɗan a farko a ƙara in an kusa saukewa. Karfasa ki tsaga jikinta, ki shafa wa raga mai tana da zafi, ki ɗora ki ƙyale ta, in ta yi da kanta za ta saki ragar.

Inda na ɗan saɓa da Hajiya Mai Kifi, Allah ya ƙara mata lafiya, shi ne duro a tsaye. Dan banda ya fi, ba musu. Amma ke gashi za ki yi kowane sati, banda sai an aiko kifi ko layya ta zo. Abin da za ki yi kullum shi ya kamata ya yi miki daɗin aiki, kuma juya tsire ko kifi a bakin duro mai zurfi wahala ce, faɗin ragar bai kai santimita 60 ba. Naman layya ma in an yanyanka shi falle falle aka sa gishiri, a kwance ya fi samun wurin bajewa.

Uwar Biyu, Aboabo:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na gas dai na cire shi a raina. Hajiya na gode da maganar tarwaɗa, wlh ban san sai ya kwana a wuta ba. Yanzu abin da ya rage min tsakanin na tsaye da na kwance ne, wuri ba zai ɗauki biyu ba kuɗi ma haka. Malam mai walda, babu yadda za a yi na kwancen ya yi banda ko da ba mai yawa ba? Kuma ranar da za a yi aikin ya kamata in je da kaina ko in tura ƙanina?

Mai Walda, Suame Magazin:

Akwai Hajiya. A yi na kwance da murfi yadda na faɗa, sai a haɗa masa ƙaramin akwatin wuta a gefe ɗaya, ƙasa kaɗan da jikin duron, da falankin ƙarfe mai kauri, a huda tsakaninsu. Bututun hayaƙi ya koma can ɗaya ƙarshen. Ranar banda a akwatin kaɗai za ki kunna wuta, zafi da hayaƙi su bi ta kan kifin su fita ta bututu, man da ya ɗiga ya faɗa a tire ba a wuta ba, kin ga sharuɗɗa biyun da Hajiya Mai Kifi ta faɗa sun cika. Ranar gashi ki rufe akwatin ki zuba garwashi a tiren ciki. A ƙara raga ta biyu a sama dan ya ɗauki kifi da ɗan yawa, amma ki sani gefen da ke kusa da akwatin ya fi zafi, sai kina canza musu wuri. Ba zai ɗauki abin da na tsaye zai ɗauka ba, in kifin ya yi yawa sai ki raba shi biyu, rabi ya jira a ƙanƙara. Bututun a yi shi dogo ya wuce tsayin mutum, mai cirewa, hayaƙi ya tashi sama da igiyar shanya.

Akwatin zai ƙara kuɗi kaɗan, in ya yi miki yawa ki bar sitenles ki sa rodi. Ki auna faɗin ƙofar gidanku da lungun da zai zauna kafin a yanka komai, kuma ya yi nesa da taga da wayar lantarki. Ki zo da kanki tare da ƙanin naki, ki ga duron tun ba a taɓa shi ba, kuma kafin ki cika kuɗi a kunna ɓawon kwakwa a akwatin a rufe murfi, ki duba ko hayaƙi na fita ta bakin murfin, in yana fita a gyara a wurin.